Hoton Zuciya: Idan Kaɗan Ya Isa, Kada A Ba Da Yawa

Duk wanda ya fito daga Sakkwato ya nufi kudu, zai fara iske Bodinga, in ya ƙara gaba kuma ya tarad da Shagari. Hanyar nan ba ta tsaya nan ba. Ta bi ta Tambuwal da Jega da Yawuri da Kwantagora, ta ƙetare Kwara a Jebba, ta ratsa Ilori har ta shiga Ibadan. Mutanen waɗannan garuruwa biyu sun saba ganin motocin albasa da na shanu suna bin ta dare da rana. To, a can ƙarshenta, a asibitin koyarwa na Ibadan, aka buɗe cibiya ta farko irin ta zamani a Nijeriya ta binciken cuta da sinadarin nukiliya, cikin shekarar 2006, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Bayanta aka buɗe ta Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Har yau wuraren da a ke irin wannan aiki a ƙasar nan kaɗan ne ƙwarai, saboda haka mutumin Bodinga ko na Shagari da likita ya ce a ɗauki hoton zuciyarsa ta wannan hanya, doguwar tafiya ce a gabansa, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga na asibiti.

Mun san wani zai ce, ina ruwan manomin gero da maganar nukiliya, alhali asibitin garinsu ungozoma ya ke nema, da jini, da maganin zazzaɓi? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba mu raina ta ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ciwon sukari da hawan jini suna ƙaruwa cikinmu, masu toshewar jijiyar zuciya suna ƙaruwa tare da su, kuma asibitocin koyarwa na Arewa za su ci gaba da sayen manyan na'urori da dukiyar jama'a. Abin da aka rubuta cikin takardar ciniki ranar saye, shi majiyyata za su zauna da shi shekara goma ko goma sha biyar. Don haka mu ke so mu yi maganar tun yanzu.

Yadda A Ke Ɗaukar Hoton

Zuciya tsoka ce, tana da jijiyoyinta na kanta da ke kai mata jini. In ɗaya daga cikinsu ta ƙuntata, mutum zai zauna lafiya lau, amma da ya hau tudu ko ya ɗauki kaya sai ƙirji ya ɗaure. Likita yana son ya san wane yanki na tsokar jini bai ishe shi ba. Sai a sa majiyyaci ya yi sauri bisa injin tafiya, ko a ba shi magani mai buɗe jijiyoyi, sa'an nan a yi masa allurar wani sinadari mai fitar da tiririn nukiliya, watau wani haske ne da ido ba ya gani, mai ratsa nama da ƙashi. Yawanci sinadarin shi ne wanda a ke kira teknishiyam. Jini ya kwashe shi, inda jini ya isa sosai ya taru da yawa, inda bai isa ba ya taru kaɗan. Sai majiyyaci ya kwanta, hannuwansa bisa kai, na'ura tana zagaya ƙirjinsa a hankali tana ƙidaya ƙyallin da ke fitowa, misalin minti goma sha biyar zuwa ashirin. Galibi a kan yi haka sau biyu, ɗaya bayan wahala, ɗaya cikin hutu, a gwada su. Asalin wannan na'ura wani Ba'amurke ne mai suna Hal Anger ya ƙera ta a Berkeley wajen ƙarshen shekarun 1950.

A nan akwai hasara iri biyu da ya kamata mai karatu ya sani. Ta farko, cikin abin da aka zuba a jijiya, wanda ke zama a zuciya bai fi kashi biyu cikin ɗari ba. Sauran yana tafiya hanta da matsarmama da hanji da ƙoda. Ta biyu, a bakin na'urar akwai wani faranti na darma mai ƙananan huji dubbai kamar saƙar zuma, wanda ba ya barin kome ya wuce sai ƙyallin da ya zo a miƙe. Cikin dubbai ɗaya ne ke tsira. Watau jiki duka yana shan tiriri, amma ɗan abin da ya kai ga hoto ƙalilan ne. Shi ya sa tun da daɗewa dabarar samun hoto mai kyau ita ce a ƙara yawan allura, ko a ƙara tsawon kwanciya.

Mudun Da A Ke Awo Da Shi

Masana suna auna abin da jiki ya sha da wani ma'auni mai suna milisibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa shiga asibiti ba, yana shan misalin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama. Wannan shi ne matsakaicin duniya. Hoton ƙirji guda na eksire bai wuce kashi ɗaya bisa goma na milisibat ba. Amma hoton zuciya na nukiliya irin na tsohuwar hanya yana kai wa milisibat 10 ko fiye kaɗan, watau abin da mutum zai tara cikin shekara huɗu ya sha shi cikin yini ɗaya. In kuwa aka haɗa da wani sinadari mai suna taliyam, kamar yadda aka daɗe ana yi a Amurka, sai ya haura 20. Milisibat 20 ɗin nan kuwa shi ne iyakar da aka yanka wa ma'aikacin nukiliya a shekara guda bisa matsakaici.

Kada wannan ya tsorata kowa. Bisa ƙiyasin masana, cikin mutum dubu biyu da suka sha milisibat 10, wajen mutum ɗaya ne za a ce ciwon daji ya kashe shi saboda haka, bayan shekaru masu yawa. Wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe ba a gano ba, haɗarinsa ya fi wannan nesa ba kusa ba. Duk wanda likita ya ga hoton ya wajaba a kansa, ya je a yi masa. Sai dai ƙa'idar da duniya ta yarda da ita tun 1977 ita ce, kada a ba mutum tiriri sai da dalili, in kuma an ba shi, a ba shi mafi ƙarancin abin da zai biya bukata. Wannan bai saɓa da hankalin kowane mai magani na gari ba, don ko tazargade a kan auna ta.

A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta sa wa kanta buri, cewa kafin 2014 rabin hotunan da a ke yi kada su wuce milisibat 9. A 2013 kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta bincika wurare 308 cikin ƙasashe 65, aka buga sakamakon a 2015. An tarar matsakaicin abin da majiyyaci ke sha milisibat 10 ne, amma tsakanin wani da wani akwai tazara mai ban mamaki, daga ƙasa da milisibat ɗaya har sama da 35. Wuraren da suka cika burin nan na 9 kuwa ba su wuce uku cikin goma ba. Ciwo iri ɗaya, hoto iri ɗaya, amma wani ya sha ninkin-ba-ninkin abin da ɗan'uwansa ya sha, saboda bambancin hannun da ya faɗa.

Aikin Da Lissafi Ya Yi

Abin da na'ura ke tarawa ba hoton zuciya ba ne tukuna. Inuwoyi ne daga kusurwa talatin da biyu ko sittin da huɗu, sai kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar tsokar yanka-yanka. Tsohuwar hanyar haɗawa ita ce a ja layi daga kowace inuwa a koma da shi baya, inda layuka suka cakuɗe da yawa a ce nan sinadari ya ke. Tana da sauri, amma ba ta san halin na'urar ba, ba ta kuma iya rarrabe ƙyallin gaskiya da na kuskure. In ƙidaya ta yi kaɗan, sai hoto ya fito da dabbare-dabbare.

A 1982 wasu masana biyu a Amurka, Shepp da Vardi, suka kawo wata hanya dabam. Kwamfuta za ta fara da kintace, ta ce ga yadda na ke zaton zuciyar ta ke. Sai ta lissafa inuwoyin da irin wannan zuciya za ta bayar, ta gwada su da waɗanda aka ɗauka, ta ga inda ta yi kuskure, ta gyara, ta sake gwadawa, har kintace ya dace da abin da aka gani. Kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfin yin haka cikin lokaci. A 1994 Hudson da Larkin a Ostareliya suka nuna cewa in aka kasa inuwoyin kashi-kashi ana gyara bayan kowane kashi, aikin zai yi sauri ninki da yawa. Daga nan hanyar ta shiga asibitoci.

Cikin shekarun 2000 aka ƙara mata abu biyu. Aka koya wa manhajar yadda farantin darman nan ke dusashe hoto, don an san duk yadda zuciya ta yi nisa da shi haka hoto ke ƙara dushewa, kuma abin da aka san ƙa'idarsa ana iya warware shi. Aka kuma koya mata yadda za ta danne dabbare-dabbare ba tare da ta shafe gefen tsoka ba. Kamfanoni suka fito da nasu: Philips da Astonish, GE da Evolution, Siemens da Flash 3D, wani kamfani kuma mai suna UltraSPECT ya yi wadda a ke ɗora wa tsofaffin na'urori na kamfanoni dabam-dabam. Gwaje-gwaje a asibitoci da dama sun nuna cewa da rabin ƙidayar da a ke bukata dā, ana samun hoton da likita zai karanta ya yanke hukunci iri ɗaya. Misalinsa kamar gwanin bin sawu ne. Wanda bai iya ba sai ya ga sawu ɗari kafin ya ce ga inda saniya ta bi, gwani kuwa goma sun ishe shi, don ya san ƙasar, ya san yadda iska ke shafe ta.

Taura Biyu

Ga inda maganarmu ta ke. Ribar da manhaja ta kawo guda ɗaya ce, watau rabin ƙidaya ya isa, kuma sau ɗaya a ke cin ta. Ko dai a bar allura yadda ta ke a rage lokacin kwanciya da rabi, ko a bar lokaci yadda ya ke a rage allura da rabi. Ana iya raba ribar tsakani, amma ba a iya cin duka biyu cif-cif, don taura biyu ba ta taunuwa. Asibitin da majiyyata suka yi wa layi, yana kuma karɓar kuɗi bisa kowane kai, zuciyarsa za ta karkata ga rage lokaci, don ya ɗauki mutum ashirin inda dā ya ke ɗaukar goma. A nan majiyyaci bai tsira da kome ba sai minti bakwai ko takwas.

Mu a ganinmu, a ƙasar nan rage allura ya kamata ya zama doka, rage lokaci kuwa a ajiye shi don tsoho ko mai ciwon kafaɗa da ba zai iya daɗewa a kwance ba. Dalilinmu na farko shi ne lafiyar mutum. Na biyu kuwa lissafin kasuwa ne, kuma shi ya fi shafar mu.

Teknishiyam ba ya ajiyuwa. Kowace sa'a shida rabin ƙarfinsa ya ke tafiya, kafin kwana guda ya cika saura kashi ɗaya bisa goma sha shida. Saboda haka ba shi a ke saye ba, uwarsa a ke saye, wani sinadari mai suna molibdinam, cikin tukunyar darma. Kullum da safe a zuba ruwan gishiri a tace abin da ta haifar. Turawa da kansu sun yi wa tukunyar nan laƙabi da saniya, aikin kuma suna kiransa tatsa. Amma makiyayin Shagari zai yi mamakin wannan saniya, don kowace sa'a 66 nononta ya ke raguwa da rabi, ko an tatsa ko ba a tatsa ba. Bayan mako guda abin da ya rage bai kai kashi ɗaya bisa biyar ba. Ba a kuma haifar ta a Nijeriya. Tukunyar nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ƙarama ce ta bincike da koyarwa. Saniyar asibiti daga waje ta ke zuwa cikin jirgin sama, daga wurare irin su Afirka ta Kudu da Turai, da kuɗin ƙasashen waje, kuma duk kwanan da ta yi a tashar jirgi tana jiran takarda, nono ne ya zube. A 2009 da 2010, da tukunyar Chalk River ta Kanada da ta Petten a Holan suka tsaya don gyara, har manyan asibitocin Turai da Amurka sun rasa abin tatsa.

To, a inda na'ura ke wuni tana jiran majiyyaci amma sinadari ke da tsada da ƙaranci, me za a yi da saurin na'ura? Abin da ya kamata a tattala shi ne nonon. In kowa ya sha rabi, tatsar da ta ishi mutum biyar za ta ishi goma, saniyar da ta tsufa a kwana na biyar za ta yi aiki har na bakwai, kuɗin da ke kan kowane majiyyaci ya ragu, ma'aikatan da ke riƙe allurar kullum su ma abin da su ke sha ya ragu. Ba kasafai a ke samun inda tausayi da tattali suka bi hanya ɗaya kamar nan ba.

Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Duk da haka manhaja ba siddabaru ba ce. In aka rage allura fiye da kima, musamman ga mai jiki, hoto zai lalace, a sake yi, mutum ya sha biyu maimakon rabi, wanda ya taso daga Dancaɗi ko Sifawa kuma ya sake biyan kuɗin mota. In aka matsa wa manhajar ta gyara hoto fiye da ƙa'ida, tana iya shafe ƙaramin tabo na gaskiya, ko ta ƙirƙiro wanda babu. Saboda haka lalle ne a auna allura bisa nauyin mutum, a gwada sabon tsari da gangar gwaji wadda aka san abin da ke cikinta kafin a gwada shi kan ɗan Adam, likitan da zai karanta kuma ya saba da kamannin sabon hoton. Wannan aiki na masanin kimiyyar asibiti ne, wanda ya karanci fiziks. Na'ura ba tare da shi ba, kamar mota ce ba makanike.

Akwai kuma hanyoyin ragi da ba su bukatar sisin kwabo. Ɗaya ita ce a fara da hoton wahala. In ya fito lafiya ƙalau, babu bukatar na hutu, mutum ya tafi gida da ɗan kaɗan daga abin da zai sha. Wata kuma, wadda ta fi duka, ita ce kada a yi hoton ga wanda ba ya bukatarsa. Yawancin ciwon zuciya a ƙasar Sakkwato ba toshewar jijiya ba ne. Hawan jini ne da ya gajiyar da tsoka, ko lalacewar ƙofofin zuciya tun daga ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, ko raunin zuciya na masu jego. Wani bincike da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka buga a 2007 ya sami wannan na ƙarshe cikin wajen haihuwa ɗaya a kowace ɗari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Duk waɗannan da hoton sauti a ke gano su, irin wanda a ke duba mai ciki da shi, kuma babu tiriri ko ƙwaya a cikinsa. Abin da asibitocin Bodinga da Shagari ke bukata kusa da su shi ne awon jini, da awon bugun zuciya, da hoton sauti, da wanda ya iya karanta su, domin a tace, a aika nesa da wanda ya cancanta kaɗai.

Shi ma majiyyaci yana da nasa rabo. Wanda aka sa wa rana, ya bar goro da shayi da kofi tun kwana guda kafin ya je, ko yadda likitansa ya faɗa masa, don abin da ke hana barci cikinsu yana kashe aikin maganin buɗe jijiya, hoto ya fito kamar lafiya alhali ba lafiya, ko kuwa a ɗage aikin bayan an yi tafiya. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin allura. Kowa ya riƙe takardun hotunan da aka taɓa yi masa, don kada a maimaita abin da an riga an sani. Bayan an gama ya sha ruwa da yawa. Kuma ba rashin kunya ba ne ya tambayi likita, cikin ladabi, nawa za a ba shi, kuma ko ana iya ragewa.

Roƙonmu

Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da shugabannin asibitocin koyarwa, duk ranar da za a sayi irin wannan na'ura ko a sabunta tsohuwa, a rubuta manhajar ragi cikin takardar ciniki tun farko, da lasisinta, da gyaranta, da koyar da ma'aikata, don kada bayan an kafa ƙarfe a dawo ana neman kuɗin abin da ya kamata ya zo tare da shi. A haɗa da wutar lantarki tsayayya, don hoton da wuta ta katse a tsakiya hasarar allura ce. Muna roƙon hukumar da ke kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1995 ta kuma fara aiki a 2001, ta sa kowane wuri ya riƙa rubuta abin da ya ba kowane majiyyaci, a tara, a gwada wuri da wuri kowace shekara. Muna roƙon Gwamnatin Jihar Sakkwato ta ɗauki nauyin samari da 'yan mata masu kan lissafi su karanci kimiyyar asibiti, tun da su ne za su riƙe wannan amana.

Ba baƙon abu mu ke nema ga wannan ƙasa ba. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa, a Bodinga Malam Abdullahi ya zauna kafin ya koma Gwandu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya bar rubuce-rubuce a kan magani. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, kafin siyasa ta kai shi shugabancin ƙasa a 1979, malamin kimiyya ne a makarantar Midil ta Sakkwato. Jikokin waɗannan mutane ba za su kasa riƙe lissafin allura ba in an koya musu, iyayensu kuma sun cancanci a ba su abin da ya isa, kada a ɗora musu ƙari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu duba su basira da riƙon amana, amin.